Gani Ya Kori Ji, To Wa Zai Kori Gani?

Bahaushe ya raba abin da jikinsa ke kawo masa gida biyu, kuma rabon bai zo daidai ba. Ido shi kaɗai aka ba shi kalma tasa, gani. Sauran duk an tara su ɗaki guda: ka ji magana, ka ji ƙanshi, ka ji gishiri a miya, ka ji sanyi, ka ji yunwa, ka ji Faransanci, ka ji tausayi. Mu da ke karatun kimiyyar harshe, wannan na cikin abubuwan da ke ba mu mamaki in muka sa Hausa gefen Faransancin da aka koyar da mu da shi tun lakkwal. Da aka zo shari'a tsakanin gidajen nan biyu kuwa, karin magana ta riga ta yanke hukunci: gani ya kori ji. In mutum ya ce maka "na ji an ce", kana da damar musu. In ya ce "na gani da idona", magana ta ƙare, in ka ƙara kuma sai faɗa.

To ƴan uwa, ga abin da nake so mu tauna. Idan ido ne babban mai shaida a kotunmu, me za mu kira mutumin da sana'arsa ita ce ya sa wannan mai shaida ya faɗi abin da babu? Gwani ne ko macuci?

Akwai masu wannan sana'a a duniya, kuma ana girmama su. Turawa sun samo sunan aikinsu daga kalmarsu mai nufin girkawa. Tunda "girki" ya riga ya shiga madafa, "girka" kuma ƴan bori sun riƙe ta, ni zan ce fasahar girke: a girke abu a wani wuri, mai kallo ya shiga cikinsa da ƙafarsa maimakon ya tsaya gabansa kamar hoto.

Wanda ya fi suna a cikinsu wani Ba'amurke ne, James Turrell, haihuwar 1943. A jami'a ya karanci yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa abin da ido ya kawo mata, kuma matuƙin jirgin sama ne. Kayan aikinsa haske da fili. Ɗaki yake ginawa, ya huda rufinsa, ya fere bakin hudar har ya yi siriri yadda ba ka ganin kaurin rufin, ya jera wurin zama a jikin bango, ya ɓoye fitilu. Ka zauna gab da magariba ka ɗaga kai. Sai sama ta sauko ta zama kamar wani faifai da aka manna a rufin, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. In fitilun ciki suka koma rawaya, sama ta yi shuɗi mai nauyi. In suka koma ja-ja, sai ta fara yin kore. Ba wanda ya taɓa sama. Wanda ke tsaye a waje yana ganin magaribarsa yadda ya saba. Tun 1977 mutumin nan ya sayi wani mataccen dutse mai aman wuta a jihar Arizona, Roden Crater, yana haƙa ɗakuna da hanyoyi a cikinsa don kallon sama, har yau aikin bai ƙare ba.

Na biyu Olafur Eliasson, ɗan asalin Denmak da Aisland. A 2003 ya rataya rana a cikin wani ƙaton zaure na gidan Tate Modern a Landan. Rabin da'ira ce ta ɗaruruwan fitilu masu launi ɗaya tak, rufin kuma an shimfiɗe shi da madubi, sai rabin ya cika ya zama rana sukutum, ga hazo ana fesawa. A ƙarƙashin irin wannan fitila duk launi yana mutuwa, sai rawaya da baƙi. Mutum wajen miliyan 2 suka je kallo, da yawansu kwanciya suka yi a ƙasa suna neman kansu a madubin sama. Ni abin ya ba ni dariya da farko: mutanen da rana ke yi wa rowa sun je sun kwanta gaban ta bogi. Da za su zo Kance a watan Afrilu, da mun ba su ta gaske kyauta har su roƙi inuwa.

Na san wani zai ce, to me ya haɗa mu da wannan, mu da kuran ke ɗaukewa muna tsakiyar karatu? Abin da ya haɗa mu shi ne muna da irinsa a gida, mun saba da shi har mun daina ganinsa. Sunansa zaure.

Ba zauren siminti da kwano nake nufi ba. Na ƙasa, irin wanda har yanzu ake samu a fadar Kance da tsofaffin gidajen da ke kusa da ita, da unguwar Birni a Damagaram inda fadar Sarki take tun ƙarni na 19. Ku tuna yadda ake shigarsa. Ka taso da tsakar rana, rairayi yana mayar maka da haske a fuska, idonka a ƙanƙance. Ka iso ƙofa, ka tuɓe takalmi. A tsofaffin gine-gine ƙofar ba ta da tsawo, dole ka ɗan sunkuya. Ka sa kai. Duhu. Ba ka ganin komai sai ɗan farin taga can sama kamar tsaga. Ƙafarka ce ke fara ba ka labari, sanyin ƙasa, sai hancinka, sai kunnenka ya ji gyaran murya daga wani lungu. Wato a ƴan daƙiƙun nan ji ne ya kori gani. Sannu a hankali bango ya fito, sai bakan gizo ya fito yana tashi daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan uwansa a tsakiyar rufi, sai ka ga ashe ɗakin da ka zata ƙarami ne ya fi tunaninka tsawo nesa. Can daga baya fuskoki su fito. Su kuwa mazauna ciki tun kana bakin ƙofa suka gama karanta ka, don kai ne ka tsaya a cikin haske.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, wadda ke shiga cikin gida. Ba a taɓa sa ta saitin ta farko. Ana kauce da ita gefe, don mai wucewa a hanya kada idonsa ya zarce tsakar gida. Babu labule, babu ƙyaure, amma an rufe. Magini ya lanƙwasa hanyar ido kamar yadda ya lanƙwasa azara.

Abin da ke faruwa a idonka a lokacin ba tsafi ba ne. Hasken tsakar rana yana iya ninka na cikin irin wannan ɗaki sau dubu ko fiye. Baƙin tsakiyar ido yana buɗewa cikin daƙiƙu kaɗan, daga wajen milimita 2 zuwa abin da bai wuce 8 ba, amma wannan ƙaramin gyara ne. Babban aikin a bayan ido yake, inda ƙwayoyin da ke karɓar haske suke sake shiri. Masu ganin launi suna daidaita cikin minti 5 zuwa 10, masu ganin dare kuwa sai sun ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai ƙarshen ƙarfinsu. Maginan da suka yi zaurukan nan ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi a hannu. Sun san girman tagar da za ta ba da haske ba tare da ta shigo da zafi ba, sun san inda za ta zauna. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da Falke Barmu na Yama a yankin Tawa, wanda ya fara masallacin garinsu a 1962 har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986, duk wannan ilimi ne a hannunsu. Wani tsohon masallacin Falke a Dandaji ma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara shi ya zama ɗakin karatu a 2018, mutane suna karatu a ƙarƙashin rufinsa.

Wanda ya fara rubuta wannan magana da tsari kuwa musulmi ne, Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya zauna a Alƙahira. Tsakanin 1011 da 1021 ya rubuta Kitabul Manazir. Kafinsa masana da yawa sun ɗauka ido ne ke harba wani abu ya je ya taɓo abin da ake kallo. Shi ya nuna haske ne ke shigowa ido, kuma da ɗaki mai duhu da ƴar huda ya yi wasu gwaje-gwajensa. Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne da ya ce ido ɗan saƙo ne kawai, hankali ne ke yanke hukunci, yana kwatanta abin da ya zo da abin da ya saba, da sauri har ba mu lura an yi shari'a. A nan kuskure ke shiga. Harshenmu dai har yau yana wancan tsohon ra'ayi: muna zuba ido, muna kafa ido, muna zura ido, muna sa ido, kamar ido wani abu ne da ake fitarwa a ɗora wa mutum. Shi ya sa ma muke tsoron idon mutane.

To mu koma kan tambayar. A ƴan daƙiƙun nan na duhun zaure, wa ya ci riba?

A fada amsar a fili take. Talaka ya shigo da ƙara, ya sunkuya, ya makance na ɗan lokaci, ya durƙusa yana gaida muryar da bai ga mai ita ba. Sarki da fadawa suna ganinsa sarai, har gumin goshinsa. Kafin a buɗe baki gini ya riga ya gaya wa kowa matsayinsa. Abin da muke kira kwarjini, ina jin wani kaso nasa tubali ne da taga. Ban ce sarakuna sun zauna sun ƙulla wannan don cuta ba. Zafi ne ya fara tilasta bango mai kauri da ƙaramar taga, kuma zauren malami da na attajiri da na manomi mai hali duk haka suke. Amma iko ba ya ganin abu mai amfani a ƙasa ya wuce shi. A gidan talaka kuma wannan duhun da wannan karkatacciyar ƙofa su ne ke tsare mutuncin matan gida daga idon baƙo. Dabara ɗaya ce, a nan ta rufa asiri, a can ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Su ma masu fasahar girke ba su tsira daga wannan ba. A 1980 an nuna aikin Turrell a gidan Whitney da ke New York. Akwai ɗakin da haske ya cika shi har ba ka gane inda bango yake. Wasu masu kallo suka faɗi. Wata mata ta jingina da abin da ta ɗauka bango ne, ashe haske ne kawai, ta faɗi ta ji rauni a hannu, magana ta kai kotu. Masoyansa na ba da wannan labari kamar kirari, wai ka ga gwaninta, ya yi bango da haske. Ni ban ga abin kirari ba. Matar nan ta amince da idonta ne kamar yadda kowannenmu ke yi sau dubu a yini, kuma wanda ya gina ɗakin ya san abin da ita ba ta sani ba. Duk wanda ya karɓi idon mutum, ya karɓi amanar ƙafarsa ma.

Hausa tana da sunaye ga wanda ke wasa da ganin mutane, kuma ba na yabo ba ne: rufa-ido, dabo, siddabaru. Da farko na so in raba su da fasaha ta hanya mai sauƙi. Mai dabo yana rayuwa ne a kan jahilcinka. Ranar da ka gano inda ya ɓoye ƙwan, wasa ya mutu, shi ya sa ba ya barin kowa ya zagaya bayansa. Eliasson kuwa da gangan ya bar bayan ranarsa a buɗe. Mai kallo na iya takawa har ƙarshen zauren ya ɗaga kai ya ga fitilu da wayoyi da ƙarafa, ya dawo, rana tana nan tana aikinta. Haka saman Turrell: ko an yi maka bayani sau goma, in fitila ta juya, sama za ta juya a idonka. Abin da ka koya a wurin game da kanka ne, cewa shuɗin da kake rantsuwa a kansa rabinsa daga cikin kanka ya fito.

Wannan ma'auni yana da kyau, amma bai isa ba, kuma salular da ke aljihunka ce ta karya shi. Kowa ya san filta. Ba wanda ke ɓoye ta, sunanta ma a rubuce yake a Snapchat da TikTok. Mun san ta haskaka fata, ta share ƙuraje, ta rage hanci. Duk da haka tana aiki a kanmu. Yarinya ta ɗauki hotonta sau ashirin a yini da fuskar da ba tata ba, sannan ta kalli madubi ta ji kamar madubin ne ke mata ƙarya. Daga nan zuwa man canza launin fata taku nawa ne? Mu samari kuma da ke zaune a fada ana zuba shayi ana miƙa salula hannu zuwa hannu ana ba da maki, mu ne kasuwar. Ga abu an bar bayansa a buɗe, kowa ya ga wayoyin, amma ya cuce mu. Sani kaɗai bai fitar da kowa ba.

Abin da na fi yarda da shi yanzu, a kasuwa na same shi. Duk wadda ta taɓa sayen atamfa ko shadda a butiki ta san ka'idar: ba a yanke ciniki a ƙarƙashin ampul. Sai an fito da ƙyallen bakin ƙofa an duba shi a rana. Mai butiki yana da damar kunna fitilar da ta fi fito da kayansa, ba wanda ya hana shi kwalliya. Amma in ka ce bari in fita da shi waje ya ce a'a, ko ya hau gaggauta ka, wai wani na zuwa da kuɗi yanzun nan, to ka san akwai magana. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ɓoye aibin kaya ya zama algus, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in aibin ya bayyana. Abin da ake tambaya shi ne ko an bar maka hasken na biyu da za ka gwada na farko da shi, kuma ko an bar maka lokaci.

Da wannan ma'auni zaure ya fi filta gaskiya nesa ba kusa ba. Duhunsa na ɗan lokaci ne, kuma maganinsa zama. In aka bar ka ka zauna minti goma, idonka zai buɗe, ka ga sarki kamar yadda yake ganinka, mutum mai furfura da gajiya, ka ga tsagar bango da gidan zanzaro a jikin azara. Doguwar gaisuwarmu da ƴan boko ke yi wa dariya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina gida, ina ƙura, wataƙila wani amfaninta ke nan, tana ba baƙo lokacin da idonsa ke bukata kafin a shiga magana. Zaure yana zama zalunci ne in an yanke maka hukunci an sallame ka kafin ka fara gani. Ɗakin Turrell ma haka, zama yake nema, wasu ayyukansa sai ka yi kusan awa guda, kuma ƙofa tana nan, ka fita ka ga saman kowa da kowa. Laifin ɗakin Whitney shi ne ƙafa ta riga ido isa. Filta kuwa an gina ta ne don kada ka zauna. Kafin idonka ya daidaita a kan fuska ɗaya, yatsa ya tura ta sama wata ta zo, kuma babu bakin ƙofar da za ka fita da ita ka duba a rana, don ranar ma cikin salula muke nemanta.

Akwai abin da ke ɗan ci mini rai a nan. Zaurukan ƙasa suna ƙarewa. A Kance da Matamaye, wanda ya samu kuɗin rake ko na ci-rani, abin da yake fara yi shi ne ya rushe na ƙasa ya yi na bulo da kwano, ya sa farin ampul mai kashe ido. Ba na zarginsa, yaɓen kowace shekara kafin damina ba wasa ba ne, giginyar azara ma ta yi wuya. Sabon zauren kowa na ganin kowa nan take, wani zai ce ai wannan shi ne adalci. Sai dai da rana ba ya zaunuwa don zafi, maigida ya koma gindin dogon yaro, zauren kuma a huda masa ƙofa ta waje ya zama butiki. Muna karanta Turrell a salula muna cewa kai, Bature, alhali Sarkin Magina na garinmu yana tsufa ba wanda ya je ya tambaye shi don me taga take can sama ba nan ƙasa ba.

Ga shawara ga ƙungiyarmu, kuma ba ta bukatar kuɗi. Mu samu ɗaki guda mai taga da ke kallon hanya. Mu toshe tagar da kwali mai kauri, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma, duk inda haske ke satar shiga mu like. Mu huda kwalin huda ɗaya, kamar faɗin ɗan yatsa. Mu rataya farin zane a bangon da ke fuskantar hudar. Da hantsi ya fi kyau, lokacin da rana ke dukan hanya ba ta dukan tagar. A kashe salula duka, wanda ba zai iya ba ya jira a waje. Minti biyar na farko ba za ku ga komai ba, wani zai fara tsaki. Wajen minti goma sha biyar hanya za ta fito a jikin zanen, da launinta, a kife: itatuwa suna reto daga sama, ɗan kabu-kabu yana gudu a rufi, mai tallan ƙosai tana tafiya ƙafafu sama, tiren nata bai zube ba. In an ƙara faɗin hudar hoton zai ƙara haske amma ya dushe, in an rage ya fito tsaf amma ya yi duhu, sai mu nemi tsakiya. Duk wanda ya shigo a nuna masa kwalin da hudar kafin a rufe ƙofa, a kuma gaya masa inda bango yake.

Abu ɗaya ne za mu yi gardama a kansa kafin ranar. Mai ƙosan nan ba ta san muna ciki muna kallonta ba.